Yadda Ake Tsara Kwas ɗin Intanet Don Horar da Malamai Kan Manhajojin Koyarwa

Duk malamin da ya daɗe a bakin aiki ya taɓa zama a irin wannan horo: a tara mutane, mai horarwa ya haska fuskar kwamfutarsa a bango, ya bi ta kan manhaja goma sha biyu cikin awa uku, a tafa, a raba takardar shaida, a watse. Washegari kowa ya koma ajinsa ya ci gaba da koyarwa yadda ya saba, kamar ba a yi ba. Da horo ya koma kan intanet, da yawa wannan tsarin suka ɗauka kacokan suka ɗora a Zoom, sai dai yanzu malami yana iya kashe kyamara ya tafi sabgar gabansa.

Laifin ba na malamai ba ne. An gina kwas ɗin ne a kan manhaja, alhali abin da ke hana malami barci shi ne tulin takardun da zai duba, da yaran da ba sa buɗe baki a aji, da yadda zai gane ko darasin jiya ya shiga. Don haka ma'auni ɗaya zan riƙe: kwas bai kammala ba sai malami ya gwada abin da ya koya da ɗalibansa na gaske, ya dawo ya faɗi yadda ta kaya.

Mataki na farko: san malaman da za ka horar

Kafin ka buɗe kwamfuta, nemi malamai biyar ko shida daga cikin waɗanda kwas ɗin zai shafa, ka tattauna da su. In da hali ka zauna a bayan ajin ɗaya ko biyu, domin gani ya kori ji. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: wane aiki ne ya fi cin maka lokaci a mako? Sai kuma: me kake so ɗalibanka su yi wanda yanzu ba sa yi?

Bayan nan ka tura wa sauran gajeren fom, tambayoyi kada su wuce goma. Kada ka tambayi mutum ko ya ƙware a kwamfuta; wani zai ce ya ƙware don yana amfani da Facebook, wani da ya iya sosai zai ce bai san komai ba. Tambaye shi abin da ya taɓa yi. Ya taɓa ɗora fayil a intanet ya tura wa wani mahaɗin fayil ɗin, wato link? Ya taɓa haɗa fom da kansa? Ya taɓa naɗar muryarsa ko bidiyo ya tura? Sannan ka san da me zai shiga kwas ɗin, waya ko kwamfuta, tasa ce ko ta aro, intanet ɗinsa yana tsayawa ko yana yankewa, da kuma abin da ɗalibansa suke da shi a hannu. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Manhajar da ke buƙatar kowane yaro ya riƙe na'ura ba ta da amfani ga malamin da na'ura ɗaya ce a ajinsa, wato tasa.

A nan ne kuma za ka yanke ko za ka raba malamai bisa fanninsu. A shekarar 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka suka fitar da tsarin da ake kira TPACK, wanda suka ɗora a kan aikin Lee Shulman na 1986. Maganarsu ita ce malami yana buƙatar sani iri uku a haɗe: sanin darasin kansa, sanin dabarar koyar da shi, da sanin fasaha. Amfanin wannan ga mai tsara kwas a fili yake. Malamin lissafi zai ga ranar manhajar lissafi ta GeoGebra, malamin kimiyya zai so gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado da ake kwaikwaya a allon na'ura, malamin harshe kuma abin naɗar murya ya fi masa. In ka haɗa su a kwas ɗaya, aƙalla ka ba kowa misalai daga fanninsa.

Mataki na biyu: rubuta abin da malami zai iya yi a ƙarshe

Daga ƙarshe ake farawa. Grant Wiggins da Jay McTighe ne suka yaɗa wannan dabara tun 1998: ka fara tantance sakamakon da kake so, sannan shaidar da za ta nuna an samu, sannan ka tsara darussa. Galibin masu haɗa kwas da darussa suke farawa, shi ya sa suke ƙarewa da tarin bidiyo ba alƙibla.

Kwatanta waɗannan biyu. Na farko: «Malamai za su fahimci Google Forms.» Na biyu: «Malami zai haɗa gwaji mai tambaya biyar da ke ba da maki da kansa, ya ba ajinsa, ya duba tambayar da aka fi faɗuwa, ya sake koyar da wannan gaɓar.» Na farko ba wanda zai iya auna shi. Na biyu kuwa ya riga ya faɗa maka abin da za ka koyar, da aikin da za ka bayar, da abin da za ka duba. Manufa uku ko huɗu irin wannan sun ishi kwas guda.

In kana neman inda za ka jingina manufofinka, UNESCO tana da tsarin ƙwarewar fasahar sadarwa na malamai, wanda ta fitar da bugu na uku a 2018, Tarayyar Turai kuma tana da DigCompEdu na 2017 mai ƙwarewa 22 a fanni shida. Suna taimakawa wajen ganin abin da ka tsallake. Kada dai ka ce sai ka cusa su duka a kwas ɗaya.

Mataki na uku: zaɓi manhajoji, kuma ka yi rowa

Biyu ko uku, kowace da aikinta. Misali ɗaya ta gwaji da tattara amsa kamar Google Forms ko Kahoot, ɗaya ta aikin haɗin gwiwa kamar Padlet ko Google Docs, ɗaya ta haɗa kayan koyarwa kamar Canva. Na san akwai jaraba, domin mai son fasaha kullum yana da wata sabuwa da yake ɗokin nunawa. Ka danne zuciyarka. Malamin da ya iya manhaja ɗaya har ya daina tsoronta zai koyi ta biyu da kansa.

Kafin ka tsayar da kowace, ka gwada ta da kanka a ƙaramar waya da intanet mai rauni. Duba ko ɗalibi sai ya buɗe asusu kafin ya shiga, ka duba iyakar abin da ake bayarwa kyauta, ka kuma duba ko malami zai iya sauke aikinsa ya ajiye in ya tashi barin manhajar.

Wannan batu na ƙarshe ba wasa ba ne, domin manhajoji suna mutuwa. Edmodo, wadda malamai da yawa suka gina azuzuwansu a kanta, an rufe ta a 2022. Google ta rufe Jamboard a ƙarshen 2024, a shekarar ce kuma Microsoft ta janye manhajar Flip, wadda aka fi sani da Flipgrid. Padlet ma a 2018 ta taƙaita adadin allunan da sabon mai amfani zai buɗe kyauta. Wanda aka koya wa «danna nan, danna can» kaɗai, ranar da manhaja ta tafi iliminsa ya tafi. Wanda aka koya wa dabarar tattara ra'ayin ɗalibai a allo ɗaya kuwa, sai ya nemi wata ya ci gaba. Saboda haka ka sa wa kowane darasi sunan aikin koyarwa, kamar «Gano wanda bai gane ba kafin a tashi daga aji», sunan manhajar ya biyo baya.

Sai batun sirrin yara. Sunan ɗalibi da hotonsa da makinsa amana ne. A Amurka dokar COPPA ta tsaurara tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13, a Tarayyar Turai kuma akwai GDPR da ta fara aiki a 2018, ƙasashe da yawa kuma suna da nasu dokokin. Ka karanta sharuɗɗan shekaru na kowace manhaja, ka ware darasi guda a kan wannan: yadda ake amfani da lamba ko laƙabi maimakon cikakken suna, neman izinin iyaye da hukumar makaranta, da rashin ɗora hoton yara inda kowa zai gani.

Mataki na huɗu: inda kwas ɗin zai zauna

Kada ka ɓata lokaci mai yawa a nan. Moodle, manhajar ɗora kwas da gudanar da shi, wadda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fara saki a 2002, kyauta ce kuma tana da komai, amma tana son mai kula da ita. Google Classroom, da ta fito a 2014, ta fi sauƙin farawa. In makarantun sun riga suna amfani da wata, ita za ka ɗauka, don malami ya ɗanɗani zaman ɗalibi a inda zai koyar gobe. Sharaɗi ɗaya ne: komai ya kasance a wuri ɗaya. Zauren WhatsApp ko Telegram yana da kyau don tunatarwa da tambayar gaggawa, amma kayan darasi in aka zuba su can, saƙonni ne za su binne su cikin kwana biyu.

Mataki na biyar: tsara lokaci da zagayen mako

Nan ne ƙashin bayan aikin. Horo na yini ɗaya ba ya sauya koyarwa. Wani bitar bincike da Kwang Suk Yoon da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 2007 ya nuna cewa horon da ya kai kimanin awa 49 ya ɗaga sakamakon ɗalibai, na awa 14 ko ƙasa da haka kuwa ba a ga tasirinsa ba. Nazarce-nazarce tara kaɗai suka cika sharaɗin shiga wannan bita, don haka kada a ɗauki 49 a matsayin lambar sihiri. Abin ɗauka shi ne a shimfiɗa horo a tsawon makonni, da tazarar da malami zai je ya gwada.

Shawarata ita ce mako shida zuwa takwas, awa biyu ko uku a mako. Ka faɗi wannan adadi tun a tallar kwas ɗin, kuma ka cika alkawari. Malami yana da aji, yana da iyali, in ka ce awa biyu ya tarar da biyar, ba zai yi maka ƙorafi ba, ɓacewa kawai zai yi. Ka kuma duba kalandar makaranta, ka kauce wa lokacin jarrabawa da haɗa sakamako. Hutu ma bai dace ba, tunda babu ɗaliban da za a gwada da su.

Kowane mako ya bi zagaye iri ɗaya, don kada malami ya riƙa ɓata ƙarfinsa wajen neman inda abubuwa suke. Da farko ya shiga a matsayin ɗalibi: kai ka haɗa gwajin, shi ya amsa, ya ji yadda abin yake daga ɓangaren yaro. Sannan ya kalli yadda aka haɗa. Sannan ya haɗa nasa, a kan darasin da zai koyar a makon nan, ba wani misali na ƙirƙira ba. Sannan ya kai aji. Daga ƙarshe ya dawo ya rubuta layi biyar ko ya naɗi murya ta minti biyu: me ya yi, me ya faru, me zai sauya.

Ga yadda mako guda zai iya kasancewa. Ranar farko ka tura gwaji mai tambaya biyar, malamai su amsa a wayoyinsu, su ga maki ya fito nan take. A shafin makon akwai bidiyo biyu gajeru, ɗaya kan haɗa tambayoyi da saka amsar daidai, ɗaya kan karanta taƙaitaccen sakamako. Zuwa tsakiyar mako kowa ya ɗora mahaɗin gwajinsa, abokin aikinsa ya amsa ya gaya masa inda tambaya ta yi duhu. Kafin ƙarshen mako ya ba ɗalibansa. Wanda ɗalibansa ba su da na'ura zai iya haska tambayoyin ko ya karanto su, ya shigar da amsoshin rukuni-rukuni da wayarsa. Tun a takardar aiki ka rubuta wannan hanya ta biyu, kada ka jira sai ya ji kunyar tambaya.

Haɗuwa kai tsaye ta Zoom ko Google Meet fa? Sau ɗaya a mako ko a mako biyu, minti arba'in zuwa awa ɗaya, kuma ba don lacca ba. Lokaci ne na warware matsala da kuma malami ya nuna abin da ya gwada. Ka naɗe zaman don wanda bai samu halarta ba, kuma kada ka ɗaura cin kwas a kan halarta.

Mataki na shida: haɗa kayan darasi

Bidiyo ya zama gajere. Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo kusan miliyan bakwai a edX, dandalin kwasa-kwasan intanet, a 2014, suka ga cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai in bidiyo ya wuce minti shida. Bidiyo ɗaya, aiki ɗaya. Naɗi fuskar na'urarka kana yin aikin kana bayani da muryarka ta yau da kullum, manhajar naɗar allo ta OBS Studio kyauta ce kuma ta isa. In malamanka da waya za su yi aiki, a waya za ka naɗa, domin maɓallan ba a wuri ɗaya suke ba. Ka fi damuwa da tsabtar sauti a kan kyawun hoto. In ka yi kuskure a tsakiya ka gyara a gabansu, bar shi a ciki. Ganin mai horarwa ya ɓata ya gyara yana cire wa mutum tsoro.

Kowane bidiyo ya zo da takarda mai shafi ɗaya: matakan a rubuce, da hotunan allo da kibiya a kan inda za a danna. Mai ƙarancin data ita zai sauke, wanda kuma ya tsaya a gaban aji ya manta mataki na huɗu ba zai koma neman minti na uku a bidiyo ba. Saka rubutun magana a ƙasan bidiyo saboda masu matsalar ji, ka rubuta bayanin kowane hoto saboda masu amfani da manhajar karanta allo, rubutu kuma ya fita sosai daga launin bayansa. Hotuna da kiɗan da za ka ara su kasance masu lasisin Creative Commons, wato izinin da mai abu ya bayar a yi amfani da abinsa bisa sharaɗi, ko makamancinsa, ka kuma ambaci mai su, domin abin da malamai suka ga ka yi shi za su yi.

Mataki na bakwai: gwada da mutum kaɗan

Ka ba malamai huɗu ko biyar kayan makon farko da na biyu su gwada, ciki har da wanda ya fi kowa tsoron kwamfuta. Zauna kusa da shi ko ka kalli allonsa, ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya yana neman abin dannawa, rubuta. Auna lokacin da aikin ya ɗauke shi. Kusan kullum ya fi abin da ka zata.

Mataki na takwas: buɗe kwas, ka kuma kasance a ciki

Makon farko ba na darasi ba ne. Gilly Salmon, a tsarinta mai hawa biyar na koyarwa ta intanet, ta sa samun shiga da sabawa da juna a ƙasa, kafin a zo ga musayar ilimi. Don haka a wannan mako kowa ya shiga, ya saita kalmar sirrinsa, ya gabatar da kansa da ajin da yake koyarwa, ya ɗora abu guda mai sauƙi. Wanda bai shigo ba zuwa kwana na uku, kira shi a waya. Sau da yawa ba ƙiyuwa ba ce, imel ɗin gayyata ne ya ɓace.

Barin kwas a tsakiya tsohuwar cuta ce ta karatun intanet. A manyan kwasa-kwasan kyauta na Harvard da MIT a edX, binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente na 2019 ya nuna masu kammalawa ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba a shekarun ƙarshe da suka duba. Naka kwas ɗin ƙarami ne, kuma wannan ne ƙarfinsa: ka san kowa da sunansa. Mai jagora ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum ashirin zuwa ashirin da biyar. Faɗi lokacin da za a samu amsarka, misali cikin kwana biyu, ka tsaya a kai. Kasa malamai gida-gida, uku ko huɗu, in zai yiwu masu koyar da fanni ɗaya ko 'yan makaranta ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajen tsokaci a kan aikin malami, ka tuna da babba kake magana, wanda wataƙila ya fi ka shekaru a aji. Fara da darasin kafin manhajar. «Tambayarka ta uku za ta tona wanda ya haddace ba tare da ya gane ba, ta yi kyau, saura ka kunna wurin nuna amsar daidai bayan an tura.» Gyara ɗaya ko biyu a lokaci guda ya isa. Bruce Joyce da Beverly Showers sun nuna tun shekarun 1980 cewa bayani da nuni da gwaji a wurin horo ba su cika kai sabuwar dabara cikin aji ba sai an haɗa da rakiya, wato wani ya bi malamin yana duba yadda yake yi yana ba shi shawara. A kwas ɗin intanet, rakiyar ita ce tsokacinka da na abokan rukuninsa a kan abin da ya faru a ajinsa.

Za ka ci karo da tsarin SAMR na Ruben Puentedura, mai hawa huɗu, daga maye gurbin takarda da na'ura har zuwa aikin da ba zai yiwu ba sai da fasaha. Yana da amfani wajen sa malami ya tambayi kansa ko manhajar ta ƙara wani abu. Ni dai ba na son a mai da shi tsani da ake kunyata na ƙasa da shi. Malamar da ta mayar da gwajin takarda zuwa fom, ta sami awa biyu da a da take kashewa wajen maki, ta ci riba ko da ba ta hau ko'ina ba.

Mataki na tara: aunawa

Takardar shaida a ɗaura ta a kan aiki: abubuwan da malami ya haɗa, shaidar ya yi amfani da su a aji, da bayanansa na abin da ya faru. Ba shi ma'aunin maki tun ranar farko don ya san abin da ake nema.

Shi kansa kwas ɗin kuma sai an auna shi. Thomas Guskey ya jera hawa biyar: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi wani abu, ko makarantarsu ta ba su goyon baya, ko suna amfani da abin da suka koya, da kuma ko ya taɓa karatun ɗalibai. Yawancin masu horarwa a hawa na farko suke tsayawa, su tara fom cike da yabo. Hawa na uku ne ke kashe aiki a ɓoye: malami ya koya, ya koma, ya tarar an hana shiga da waya aji ko an toshe shafin a intanet ɗin makaranta. Shi ya sa tun kafin a buɗe kwas ya kamata shugabannin makarantu su san abin da za a nema daga malamansu, su amince a rubuce.

Bayan wata uku da rufewa, tura wa kowa saƙo mai tambaya biyu: wace manhaja ka yi amfani da ita a makonni biyun da suka wuce, kuma turo mahaɗin abu ɗaya da ka haɗa bayan kwas. Waɗanda suka daina, kira uku ko huɗu daga cikinsu ka ji dalili. Kafin zagaye na gaba kuma ka bi bidiyoyinka da takardunka ɗaya bayan ɗaya, ka danna kowane mahaɗi, domin kamfanoni suna sauya wurin maɓallai ba sanarwa. Rubuta ranar da ka duba a saman kowace takarda, ka sake naɗar duk bidiyon da allonsa bai yi daidai da abin da malami zai gani a wayarsa ba.